Wa Ke Kashe Turbon Motar Kawu?

Turbo biyu Kawu ya zazzage daga cikin buhu ya jera a kan tabarmar Malam, kamar wanda ya kawo shaida gaban alƙali. Na ukun yana jikin motar, kuma tun shekaranjiya ya soma irin kukan da 'yan'uwansa suka yi kafin su cika: wani siririn fito kamar jiniyar motar asibiti daga nesa, ya tashi in an taka totur, ya kwanta in an saki.

"Malam, wata bakwai, turbo uku. Ko dai ka nemo mini mai cin su, ko in sayar da ita in koma amalanke."

Motar Peugeot Partner ce ƙirar 2007, 'yar gazuwal, wadda ta gama ƙuruciyarta a Faransa kafin ta faɗo hannun dillalan Damagaram. Abin da ya ja Kawu gare ta rashin ci ne, don lita 6 kan kai ta kilomita 100. Da ita ake ɗauko rake daga fadamun Waca da Bande, da riɗi da wake daga ƙauyukan Dungas, ran Alhamis kuma a tsallaka kasuwar Maigatari. Ɗansa ke tuƙa ta, taubashina, wanda tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini haka.

Turbon farko, wanda ta zo da shi, ya mutu ne a hanyar dawowa daga Damagaram, an wuce Bande kaɗan: fito, shuɗin hayaƙi, sai mota ta koma tafiyar jaki. Ba wanda ya yi mamaki, agogonta ya haura kilomita 230,000, tsufa ne. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo ɗan Beljiyam. Mako shida ya yi. Aka ce ai kayan gwanjo caca ne. Kawu ya sayar da tumaki ya sayo sabo dal a kwali, ga shi kuma wata biyu bai cika ba ya fara kuka. A nan ne zancen ya bar gareji ya shiga cikin gida. Akwai wani maƙwabci mai Hiace da ke bin hanya ɗaya da mu, aka soma tuna ranar da ya tsaya ya shafa gaban motar yana yaba ta. Inna ta cusa laya ƙarƙashin kujerar direba. Kawu kansa, mutumin da ba ya saurin zargi, ya daina tsayawa gaisuwa a ƙofar gidan mutumin.

Malam ya shekara goma sha a wani gareji a Tamanrasat, inda irin waɗannan motoci suka yi yawa kamar awaki, kafin ya dawo gida Magarya. Garejinsa bakin iyaka ne har a harshe. Shi yana cewa anjekter da bidanji da karter, babban yaronsa da ya koyo aiki a Kano yana cewa nozul da juye da sam, kuma ba su taɓa kasa fahimtar juna ba. Ni hutun makaranta ne ya kai ni wurin, da kuma dalilin cewa ni ke iya karanta ɗan littafin Faransancin da ke cikin aljihun motar.

"Man ruwa-ruwa ne," in ji Kawu, tun Malam bai taɓa komai ba. "Yaron nan in ya shiga ƙauye jarka yake saye."

Zargin bai rasa tushe ba. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a Nuwamban 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, gazuwal bai yi mana nisa ba, amma tsakanin famfon gidan mai da tankin mota a ƙauye akwai jarka da mazurari da tsumma, kuma kowannensu na iya ƙara masa ruwa ko rairayi. Malam ya kwance ƙasan matatar gazuwal ya tara a kofin gilashi, ya ɗaga wa rana. Garau, babu ruwa a ƙasa.

"Alhaji, da safe key nawa take tashi?"

"Ɗaya."

"To ka saki gazuwal, ba shi da laifi. Ko da yana da shi ma, ba ya bi ta turbo."

Ya yi mana bayani yana goge hannu. Wannan injin yana matsa gazuwal har ma'aunin bar 1,600 kafin ya fesa shi ta ramukan da ba su fi gashin kai kauri sosai ba. Iskar tayar motar ba ta kai bar 3 ba. In mai ya ƙazantu, famfo da nozul ne ke fara jin jiki, mota ta riƙa gardama da safe, tana karkarwa. Tamu lafiyarta lau ta wannan fanni.

Ni na kawo maganar ƙura, ina jin na yi fasaha. Injin da aka ƙera don titunan Turai, a sa shi cikin hazon hunturu da yashin hanyoyin Dungas? Malam bai musa ba. Ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa bakin turbon farko. Turbo farfela biyu ne a kan sanda guda: hayaƙin salansa ke kaɗa ta baya, ta gaba kuma tana zuƙo iska tana cusa wa injin, shi ya sa ƙaramin inji ke ja kamar babba. In ƙura na wucewa, ita ta gaban ce ke nunawa, bakinta ya cinye kamar tsohuwar wuƙa. Ta turbon farko ta ɗan cinye, alamar shekaru. Ta turbo na biyun kuwa bakinta na nan da kaifinsa, sai dai gefenta ya gogi bango, kuma notin da ke riƙe ta babu shi.

Rashin notin nan ya sa Malam ya miƙe da sauri. Ya sa aka cire tiyon iska aka karkaɗe, sai ga shi ya faɗo, ya maƙale a wani lungu cikin dattin maiƙo tun wata biyu. In sanda ta cije farat ɗaya tana tsakiyar gudu, notin kan kwance kansa ya yi tsalle baya. Da ya zame ya koma ciki, da sabon turbon ya tarwatse a take. Mun yi hamdala, amma Malam ya ce wannan ɗan rakiya ne, ba shi ne mai kisan ba.

Ya farke turbo biyun ya zaro sandunan. Kowacce ba ta fi biro kauri ba, kuma dukansu sun rine sun yi shuɗi kamar an tsoma su a marina, bushin da suke juyawa a ciki ya karce.

"Kun ga wannan launin? Ƙishirwa ce. Sandar nan tana juyi sama da 200,000 a minti guda, kanta ɗaya yana cikin wutar hayaƙi. Ba ta taɓa ƙarfe, a kan baƙin mai take iyo. In mai ya yanke mata na ɗan ƙiftawa, shi ke nan."

Nan Kawu ya hau. Shi da kullum bayan sallar asuba sai ya zaro geji ya duba? Shi da jar fitilar mai ba ta taɓa kamawa ba? Malam ya zaro gejin, mai yana kan layin sama cif. Ya lakato ya murza tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa.

"Yaushe aka yi bidanji?"

"Yau kwana tara."

Man ya yi baƙi ƙirin, wannan ba komai ba ne a injin gazuwal, amma ya yi kauri kamar ya shekara, kuma akwai tsaki-tsaki a cikinsa. Rijiya cike, shuka na mutuwa da ƙishi a gefenta. Jar fitilar kuwa, Malam ya ce, ba ta magana sai matsin mai ya faɗi warwas a babbar hanyarsa, ba ruwanta da abin da ke faruwa a ƙarshen wani siririn bututu.

Da aka rasa na kamawa, sai aka waiwayo kan direba, kamar yadda aka saba. Kawu ya ce yaron da ya iso yake kashe mota, ko numfashi ba ya bari ta yi. Malam ya yarda ɗabi'ar ba ta da kyau: bayan doguwar tafiya da kaya a bar inji ya yi minti guda yana aiki a tsaye, don kada man da ke cikin turbo ya soye. Amma wannan sannu a hankali yake kisa, ba cikin mako shida ba. Ya bari sai da Kawu ya tafi azahar a masallacin tasha, sannan ya kira taubashina gefe.

"Samari, kai ke kwana da ita kake tashi da ita. Me take gaya maka?"

Ya yi ta sosa ƙeya, kafin ya buɗe baki. Tun hunturun bara, in ya rufe gilasai, wani wari ke cika motar har idonsa ya yi yaji. Da safe kafin ta ɗumama yana jin caf-caf-caf a saman injin, kamar murfin buta in ruwa ya tafasa. Kwanan nan kuma, in ya taka birki sau biyu ko uku a jere, sai ya ƙage kamar dutse. Ya gaya wa Baba, Baba ya ce raki ne. Masu sa turbo kuwa ba wanda ya tambaye shi.

"To," in ji Malam. Bai ƙara ko kalma ba.

Da la'asar ya yi abin da ban taɓa gani an yi a gareji ba. Ya cire tiyon da ke mayar da mai daga ƙasan turbo zuwa inji, ya jona wani dogo ya zura a gorar ruwa ta rabin lita, ya ce in riƙe agogo. Ƙa'idar, in ji shi, masu gyaran turbo a Turai suna buga ta a takardar da ke zuwa cikin kwali: inji na aiki a tsaye, cikin daƙiƙa 60 a samu aƙalla lita 0.3. Muka tambayi taubashina ina takardar da ta zo da sabon turbon. Ya ce yana jin tsire aka naɗe da ita.

Aka tayar. Na ƙirga sittin. Abin da ya taru ko ƙaramin kofin shayi ɗaya bai cika ba.

Daga nan sai bin sawu. Bututun ƙarfe siriri ne ke kai wa turbo mai, an ɗaure kowane bakinsa da ƙusa mai rami a ciki. Malam ya kwance ta ƙasan, wadda ke jikin injin, ya nuna mana cikinta. Akwai wata 'yar rariya da ba ta fi ƙwayar wake ba, an sa ta don ta tare wa turbo datti. Ta toshe ɗam da baƙin abu. Bututun kansa da aka hura, iska da ƙyar take fita. Sau biyu ana ɗaura turbo a kan wannan tsohon bututu da wannan tsohuwar ƙusa, ba wanda ya leƙa.

Kawu ya yi kabbara, har ya kai hannu aljihu. A wanke, a mayar, gobe Alhamis a tafi Maigatari.

"Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Rariya aikinta ta yi. Wa ya zuba mata gawayi?"

Maigatari dai ba a je ba. Washegari aka sauke karter, kwanon da mai ke zama a ƙasan inji. Abin da muka gani ba kyan gani: baƙin kunu ya kwanta kauri guda, babbar rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta saura 'yan ramuka. Malam ya nuna mana yadda mazaunin notin juye ya ɗan shige ciki, ta yadda ko an kwance shi sai wani abu na tsohon mai ya rage, ya gauraye da sabo.

Nan aka ce in karanta littafi. Sunan injin 1.6 HDi, masu ƙira suna ce masa DV6. Silinda huɗu, faɗin ciki cc 1,560, bawul 16, ƙarfin doki 90. Peugeot da Citroën da Ford ne suka haɗa hannu a kansa, ya hau titi wajen 2004, shi ya sa za ka same shi a 307 da Berlingo da Focus, har da wasu Volvo da Mazda. Ka kwatanta da 504 'yar gazuwal da iyayenmu suka sani: cc 2,304, doki 70, babu turbo, babu kwamfuta, ka zuba mata abin da ka samu ta tafi. Wannan ya fi ta ƙarfi da ƙaramin ciki, amma duk man da ke jikinsa bai kai lita 4 ba, kuma littafin ya ce mai ruwa-ruwa yake so, irin 5W-30 ko 5W-40. Kawu kuwa 20W-50 yake saye, na duro, a auna masa da gwangwani, bisa imanin da duk direbobinmu suka yi cewa mai kauri shi ke jure zafin bazara.

Na rufe littafin ina jin an gama. Har na fara yi wa Kawu lacca.

Malam ya ce man yana da nasa kason. Mai kauri yana jinkirin isa turbo da sanyin safiya, na duro kuma ba ka san asalinsa ba. Sannan kilomita 20,000 da littafin ya yarda a yi tsakanin juye da juye lissafin wata ƙasa ne, a nan kada a wuce 5,000. Amma sai ya tsinto wani baƙin tsaki daga rariyar, ya ɗora a kan ƙarfe ya danne da bayan sifana. Ya fashe ƙaras.

"Malam makaranta, mugun mai kunu yake zama. Wannan gawayi ne, wuta ce ta gasa shi. Kuma wane mugun mai ne zai tsufa cikin kwana tara? Wuta na shiga inda ba gidanta ba."

Ya ce wa yaronsa ya ɗauke akwatin iska da murfin saman injin. Nozul huɗu na jere, uku a bushe, ɗaya kuwa ta nutse cikin wani baƙin tudu mai sheƙi, kamar kwaltar da aka zuba ta daskare. Rabin yini aka yi ana jiƙawa ana sassaƙa kafin ta fito. A gindinta akwai zoben jan ƙarfe da bai kai dala biyar faɗi ba. Malam ya goge shi ya miƙa wa Kawu. Wata 'yar tsaga ta ratsa shi daga ciki zuwa waje, baƙa, kamar tsagar gado.

Zoben nan shi ne ƙofar da ke tsakanin wutar silinda da sauran injin. A duk fashewa, matsin da ke ƙarƙashinsa ya haura bar 100. Da ya samu kafa, sai hayaƙi mai zafi ya riƙa tsartuwa sama ta gefen nozul: caf-caf ɗin da yaron ke ji ke nan, da warin da ke sa shi hawaye. A wannan injin nozul tana ratsawa ne ta tsakiyar ɗakin da kamshaf ke wanka da mai, robar hatimi kaɗai ta raba su. Hayaƙin ya ƙone robar, ya faɗa cikin mai yana gasa shi yana zuba masa kunkunniya. Gawayin ya gangara karter, famfo ya kwaso, ya raba wa kowa. Wanda hanyarsa ta fi ƙunci shi ya fara mutuwa.

"Birkin fa?" in ji taubashina, karon farko da ya yi magana gaban mahaifinsa.

Malam ya kwance wani ɗan famfo a ƙarshen kamshaf. Injin gazuwal ba ya samar da zuƙar iskar da ke sauƙaƙa taka birki, sai an sa masa famfo na musamman, shi ma da baƙin mai yake rayuwa. Hanyar mansa ta cushe da gawayin nan. Kawu ya dubi ɗansa, ya dubi famfon, ya tuna lodin da suke saukowa da shi ran kasuwa. Bai ce komai ba, amma na ga hannunsa na rawa a kan carbi.

Saura tambaya ɗaya. Malam ya ce zoben nan kan saki don kansa in inji ya tsufa, sanannen abu ne ga masu wannan injin, shi ya sa ake leƙa gindin nozul a kowane juye. Amma da ya ciro sauran ukun, sai ya jera su a tafin hannu ya kira mu. Kowanne yana da sawun matsi biyu, ɗaya a kan ɗaya.

"An taɓa cire nozul ɗin nan. Wa ya cire?"

Shiru. Can Kawu ya gyara hula. Makon da ya sayi motar, wani ya ba shi shawara a wanke nozul tun ba su kawo matsala ba, rigakafi ya fi magani. Ya kai ta wani wuri aka cire aka wanke aka mayar, har ya yi wa yaran kyauta don sun yi sauri. Jan ƙarfe sau ɗaya yake lotsewa ya kama mazauninsa, daga nan ya taurare. Aka mayar da tsofaffin, aka ɗaure da ƙiyasin hannu maimakon sifana mai awo.

Daga baya na tambayi Malam tun yaushe ya gane. Ya ce tun da yaron ya ambaci wari. To me ya sa ya bi da mu ta doguwar hanya? Ya yi dariya. Mutumin da ya sayar da tumaki, ka ce masa zoben da bai kai kuɗin kwanon tuwo ba ne ya cinye su, kuma sai an sauke rabin inji an wanke? Sai ya gani da idonsa. In kuwa zoben kaɗai aka canja aka bar gawayin a ciki, turbo na huɗu zai bi sahu, a ce Malam ne bai iya ba.

Kwana uku muka jira kaya daga Kano ta hanyar Babura: zobba da robobin nozul huɗu, sabon bututu da ƙusoshinsa, rariyar karter, famfon birki. Turbo na ukun bai tsira gaba ɗaya ba, sandarsa ta riga ta fara lilo, sai dai cikinsa kawai aka canja, gidan yana nan. An wanke na'urar sanyaya mai da tiyoyin iska. Bel ɗin inji ma Malam ya ce a sauke shi, tunda ba wanda ya san shekarunsa, kuma in ya tsinke bawul da fistan ne za su yi karo. A kan 'yar rariyar cikin ƙusa makanikai sun rabu biyu, wasu na barin ta, wasu na cire ta. Malam na cikin masu cirewa, hujjarsa ita ce gara ɗan datti ya wuce da mai ya tsaya. Ba ni da tabbacin cewa da ni ne zan yi wannan ƙarfin hali, amma ba ni ke ɗaure notin ba.

Aka zuba mai, aka zagaya gari, aka zubar. Aka sake zubawa da sabuwar matata, da sharaɗin a dawo bayan kilomita 500 a sake. Sannan aka kawo gorar nan. Kafin in kai hamsin ta wuce rabi.

Alhamis ta gaba motar ta tafi Maigatari ta dawo. Da daddare na ga Kawu ya ɗauki ƙullin goro da sandunan rake biyu ya nufi ƙofar gidan mai Hiace, suka daɗe a kan dakali suna zancen farashin riɗi. Layar Inna har yau tana ƙarƙashin kujera, ba wanda ya yi gigin cire ta. Turbo biyun kuma wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗora su a sikeli, ya ba taubashina jaka ɗaya da rabi, na ƙwace rabin a matsayin haƙƙin taubashi.